Na zargi 'ya'yan maƙwabcina da satar gwaiba, ashe jemagu ne

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masu lambu da kuma dattawa a kan matsalar da ta hana ni sukuni.

Ina da bishiyar gwaiba a bayan gida, kuma tun da ta fara nuna nake wayar gari in tarar 'ya'yan sun ragu, wasu kuma an gatsa an yar. Da yake reshenta ya leƙa gidan maƙwabcina, sai na ɗora wa yaransa laifi, har na yi masa magana mai zafi a gaban jama'a bayan sallar la'asar.

Daga baya na zauna gadi bayan magariba, na ga jemagu na sauka a kanta, suna tsotse ruwan suna tofar da tuƙar a ƙasa. Wannan tuƙa kuwa kullum ina share ta, ban taɓa tsayawa na yi tunani ba.

Na je ba shi haƙuri sau biyu, yana amsa gaisuwa sama-sama, yaran kuma sun daina shigowa gidana. Shin in nemi limamin unguwa ya shiga tsakani, ko in wanke yaran a gaban mutanen da suka ji zargin? Sannan yaya zan kāre gwaibar ba tare da na kashe jemagun ba?