Wa ya ƙone littattafai a Nikiya?

Ɗan Zazzau: Ƴan'uwa, abin nan ya ishe ni. Duk wanda ya tambayi yadda littattafan Sabon Alkawari suka zama 27, sai a ce ya yi shiru. To ga abin da ake rufa-rufa a kai: a shekara ta 325 Sarkin Roma Kwanstantin ya tara bishof-bishof a birnin Nikiya, suka zaɓi bishara huɗu, sauran aka ƙone su ƙurmus. Wanda ya isa ya musa.

Malamin Tarihi: Na musa. Abin da taron ya bari yana nan: bayanin bangaskiya, wasiƙa zuwa ga ikilisiyar Iskandariya, da dokoki 20. Dokokin sun shafi naɗin bishof, limaman da ke cin riba, har da hana durƙuso a addu'ar ranar Lahadi. Jerin littattafai babu shi. Rigimar Ariyus, limamin Iskandariya da ya ce Almasihu halitta ne, ita ce ta tara su, sai batun ranar Ista. Labarin nan na cewa an jibge littattafai kusa da bagadi, na gaskiya suka haye sama, na ƙarya suka zauna ƙasa, wani rubutu na ƙarni na 9 ne ya kawo shi, sama da shekara 500 bayan taron.

Katikis: Madalla, Malam. Ko takarda ɗaya ba a ƙone ba.

Malamin Tarihi: A'a Katikis, kada ka ja ni inda ban je ba. An yi ƙone-ƙone. Bayan taron sarkin ya ba da umarni a ƙone rubuce-rubucen Ariyus, wanda aka kama ya ɓoye su hukuncinsa kisa. Amma rubutun Ariyus ne na kansa, ba bishara ba.

Ɗan Zazzau: Kun ji ko? Da bakinsa ya ce an ƙone!

Maman Talatu: Ɗana, bi a hankali. Wanda ya sa a ƙone Littafi Mai Tsarki shi ne Sarki Diyokletiyan, a 303, lokacin tsananta wa Kiristoci. Shi Kwanstantin kwafi 50 ya sa Yusabiyus na Kaisariya ya shirya wa majami'un sabon birninsa, a kan fata mai kyau. Kuma wasiƙar odar ba ta lissafa littafi ko ɗaya ba.

Ɗan Zazzau: Mama, binnewa ma ai ƙonewa ce. Littattafan da aka tono a Nag Hammadi ta Masar fa?

Katikis: Binnewa adanawa ce! Da an ƙone su, me za a tono a 1945? Kundi 13 cikin tulu, har da Bisharar Toma mai zantuka 114, babu labarin gicciye a ciki.

Maman Talatu: Ƙonewar da aka ruwaito a can ma, mahaifiyar manomin da ya tono su ce ta hura wuta da wasu shafuka.

Baban Yara: Ku bar zancen wuta. Ina Linjilar Barnaba? Tana cikin tsohon kundin Littafi Mai Tsarki na Sina'i, aka cire ta.

Malamin Tarihi: Baba, abu biyu ne aka haɗa maka. Wadda ke cikin kundin Sina'i na ƙarni na 4 ita ce Wasiƙar Barnaba, tana bayan Ru'ya ta Yohanna tare da Makiyayin Hamas. Ita Linjilar Barnaba da ake sayarwa a kasuwa, rubutun hannunta na Italiyanci ne da na Sifaniyanci, na Italiyancin na wajen ƙarshen ƙarni na 16 ne. Wasiƙar kuwa tana maganar mutuwar Almasihu a fili.

Baban Yara: To ka yarda an cire wani abu daga kundin.

Malamin Tarihi: Kundi ba doka ba ne. Na Iskandariya, na ƙarni na 5, yana ɗauke da wasiƙun Kilemas biyu. Abin ya tafi ne sannu a hankali. Wajen 144 Markiyon ya fito a Roma da Luka da ya datse da wasiƙun Bulus 10. Wajen 180 Ireniyus na Liyon ya dage bishara huɗu ce, kusan shekara 145 kafin Nikiya. Guntun tsohon jerin littattafai da ake kira Muratori ba shi da Ibraniyawa, Yakubu da wasiƙun Bitrus, amma yana da Ru'ya ta Bitrus. Yusabiyus da ya halarci Nikiya da kansa ya sa Yakubu, Yahuza, Bitrus ta 2, Yohanna ta 2 da ta 3 cikin waɗanda ake gardama a kansu. Jerin 27 cif sai a wasiƙar Ista ta Atanasiyus, 367.

Katikis: Muratori na wajen shekara ta 200 ne, a faɗa.

Malamin Tarihi: Masana da yawa haka suka ce, wasu sun kai shi ƙarni na 4. Farkonsa ya yage, Latin ɗinsa kuma duk kurakurai.

Katikis: Ko ma dai yaya, Ikilisiya ce ta yanke a Hippo 393 da Kartaj 397, kuma jerinsu yana da Tobit da Makabiyawa. Furotesta masu littattafai 66 su gaya mana wa ya rage bakwai.

Maman Talatu: Ga shi nan, an zo wurin. Katikis, waɗancan tarukan na yankin Afirka ta Arewa ne. Ku Katolika ma sai a taron Trent, 1546, kuka ɗaure littattafai 73 da doka. Jerom da ya fassara muku Latin ya bambanta waɗannan littattafai da na Ibrananci.

Katikis: Amma ya fassara Tobit ɗin, Mama!

Baban Yara: Habashawa 81 suke da shi. Tsohuwar fassarar Suriyanci 22 kacal a Sabon Alkawari, babu Ru'ya. Ku fara sasantawa tukun.

Ɗan Zazzau: Ni dai ba wanda ya amsa min batun ƙonewa.

Shugaban zaure: Dare ya yi, bari in taƙaita. An tabbatar Nikiya ba ta zaɓi littafi ba. An tabbatar bishof-bishof da tarukan Ikilisiya ne suka tsayar da jerin, kamar yadda Katikis ya yi bayani mai gamsarwa, kuma Tobit na ciki tun 393. Maganar Mama kan Trent ba ta cikin maudu'i. Batun Habasha a kawo shi wani makon.

Maman Talatu: Shugaba, a wace coci kake sujada?

Shugaban zaure: An rufe zaure sai da safe.