Neman kalmar Hausa: sharar ɗakunan binciken nukiliya

Malama Hadiza: Assalamu alaikum. Ranar Juma'a zan gabatar da shiri a rediyo kan yadda cibiyoyi irin ta binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, wadda na'urarta ta nukiliya ta fara aiki a 2004, suke tantance abin da Turawa ke kira radioactive waste. Ina nufin safar hannu da kwalabe da takardun goge-goge da suka taɓa sinadari, waɗanda ake zubawa a durom, a liƙa masa lamba da sunan sinadarin da ƙarfinsa da ranar awo, sannan a shigar da shi rajista. Wane suna ya dace?

Malam Sani: Sharar nukiliya. Aikin rajistar kuwa, bin diddigi ya wadatar.

Dakta Bello: Na amince da bin diddigi, amma sharar nukiliya za ta kai hankalin mai sauraro ga makaman ƙare-dangi, ko ga makamashin cikin na'urar irin wanda aka mayar ƙasar Sin a 2018. Wannan kuwa mai rauni ce, kuma ana rarraba ta ne saboda sinadarin kobalt-60 yana rasa rabin ƙarfinsa cikin shekara 5 da 'yan watanni, siziyam-137 kuwa sai kimanin shekara 30, don haka tsawon ajiyarsu ba ɗaya ba ne.

Malam Garba: Yaushe Hausa ta talauce har muke aron nukiliya? Na daɗe ina koyar da ɗalibaina "shara mai huci", domin huci yana riskar mutum daga garwashi ba tare da ya taɓa shi ba.

Dakta Bello: Allah gafarta Malam, huci ana jin sa a jiki, wannan kuwa sai na'urar awo ke gano shi. A Goiânia ta ƙasar Brazil, a 1987, masu jari-bola sun fasa wata na'urar asibiti mai siziyam-137 ba tare da jikinsu ya gargaɗe su ba, mutum 4 suka rasu. Kalmar da za ta sa mutum ya dogara da jin zafi tana da haɗari.

Malam Issoufou: Mu da muke da tulin ragowar ma'adinin yuraniyom a garin Arlit na Nijar ba a tambaye mu ba, kamar dai kullum Hausar Kano ce kaɗai ke raɗa suna.

Malam Garba: Ni Basakkwace ne, Malam Issoufou, kuma ban taɓa jiran iznin Kano ba. Muddin muna jin kunyar ƙirƙira, jikokinmu za su karanci kimiyya da bakin wasu.

Malama Hadiza: Na gode muku, amma lokaci ya ƙure. A farkon shirin zan ce "shara mai fitar da haskoki masu illa waɗanda ido ba ya gani", daga baya in taƙaita da "sharar nukiliya mai rauni".

Malam Garba: Wannan bayani ne, Malama, suna bai samu ba tukuna. Ki yi shirinki da shi, ni dai a ajina huci zan ci gaba da cewa, tare da gargaɗin da Dakta ya kawo.