Ina son in fara zuba matcha da sunan shagona, ku ba ni shawara

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina sayar da ganyen shayi da kayan haɗa shi, kuma matcha, wato garin koren shayin nan irin na Japan, tana cikin abin da ya fi tafiya a wurina. Sai dai wadda nake sarowa a gwangwaninta ribar ba ta taka kara ta karya ba, kusan mai kamfanin nake yi wa aiki. Ina tunanin in riƙa saro ta kilo-kilo, in zuba a nawa gwangwanin da sunan shagona. Waɗanda suka san harkar, don Allah me zan fara dubawa?

Malam Auwal: Wa alaikumus salam Maman Ilham. Fara da lissafi. Kilo ɗaya gwangwani 33 ne na giram 30, amma ki ƙiyasta 31 ko 32, don garin yana da laushi ƙwarai, yana manne wa cokali da rariya da jikin leda, wani kuma ya bi iska. Ki ɗora kuɗin gwangwani, ledar ciki, sitika, kuɗin dako da na kwastan, har da lokacin da za ki zauna kina awo. Abin da ya rage shi ne ribarki. Tana nan, ta kuma fi ta sayar da na wani, amma da sharaɗin kilon ya ƙare da wuri.

Hajiya Rabi: Wannan sharaɗin na Malam shi ne maganar gaba ɗaya. Ƙanwata, matcha ba ta da haƙurin ganyen shayi. Ganye ne da aka niƙa ya zama gari, saboda haka iska tana taɓa kowane ƙwayar garin. Daga ranar da kika buɗe babbar leda ta fara sauka: koren nan mai haske ya dushe ya koma kalar zaitun, ƙamshin ya ragu, ɗaci ya fito. Abubuwan da ke kashe ta iska ce, haske, zafi, danshi, sai warin abin da ke kusa da ita, don tana ɗaukar wari da sauri. Kada ki ajiye ta gefen kofi ko kayan ƙamshi.

Shawarata, kada ki karɓi leda guda ta kilo biyar don an rage miki farashi. Ki ce a kasa miki rabin kilo ko kilo ɗaya a kowace leda, a like. Wadda kika buɗe ki zuba ta duka a zama ɗaya, sauran su zauna a firij a like. Idan kin fito da leda daga firij kuma, ki bar ta ta huce sanyi kafin ki buɗe, in ba haka ba gumi zai sauka a kan garin ya dunƙule. Gwangwani shi kaɗai ba ya hana iska. Ki sa garin a ledar foyil, ki jefa ɗan ƙullin nan mai tsotse iskar oksijin, ki like da inji, sannan ledar ta shiga gwangwani. Kwalbar gilashi ko leda mai taga tana da kyau a kan kantar shago, amma haske zai cinye miki kayan.

Maman Ilham: Na gode Hajiya. Wallahi kwalbar gilashi nake shirin saye don koren ya fito. To ta ina zan nuna wa mai saye launin?

Hajiya Rabi: Ki ware gwangwani guda na ɗanɗano. Ki buɗe a gabansa, ki haɗa masa ɗan kofi. Shi ya fi kowace kwalba jawo ciniki.

Baban Zara: Ni ta wajen saro zan yi magana, don nan ne ake shigar da mutane. Ba kowane koren gari ne matcha ba. Ta gaskiya daga ganyen da Japanawa ke kira tencha ake yin ta: ana rufe gonar da rumfa kamar sati uku zuwa huɗu kafin tsinka, a turara ganyen, a busar ba tare da an murza shi ba, a cire jijiyoyi da kara, sannan a niƙa. Inuwar nan ce ke ƙara masa kore da garɗi, ta rage ɗaci. Dutsen niƙa ɗaya giram 30 zuwa 40 kawai yake fitarwa a awa, shi ya sa ta dutse ke tsada. Akwai wadda ake niƙawa da inji, ba laifi ba ne, amma ki san wacce kika biya.

Duk dillalin da za ki yi hulɗa da shi ki tambaye shi: daga wane yanki, tsinkar farko ce ko ta biyu, yaushe aka niƙa? Tsinkar farko daga ƙarshen Afrilu zuwa Mayu ake yi, ita ce mai daɗin sha da ruwa zalla. Yankunan da aka sani su ne Uji a Kyoto, Nishio a Aichi, Yame a Fukuoka, Shizuoka, da Kagoshima wadda yanzu take samar da tencha mai yawan gaske. Ƙasar Sin ma tana yi sosai, musamman a Guizhou da Zhejiang, kuma tata ta fi araha. Idan dillali ya kasa amsa waɗannan tambayoyin, shi ma bai san abin da yake sayarwa ba.

Sadiya: Yaya Baban Zara, to waccan da ake rubuta wa "ceremonial grade" fa? Na ɗauka ita ce mai lamba ɗaya, in an gan ta shi ke nan.

Baban Zara: Sadiya, babu hukumar da ke ba da wannan sunan. Kalmar talla ce ta kasuwannin Turai da Amurka, kowa yana iya bugawa a gwangwaninsa. A Japan abin da suke dubawa shi ne ko ta dace da koicha, haɗi mai kauri, ko usucha, mai ruwa-ruwa. Ki nemi samfur daga dillalai uku, ki haɗa su a jere: giram 2 a ruwa kamar mililita 70, mai zafin digiri 70 zuwa 80, ba tafasasshe ba. Ki kuma ja ɗan garin da yatsa a kan farar takarda. Mai kyau za ta bar layi mai santsi, kore shar. Mai tsaki-tsaki ko mai ratsin rawaya ta kek da askirim ce.

Alhaji Sabo: Ku yi haƙuri, ni ina da ja a kan zubawa da hannu. Sunanki a gwangwani daban, zama da sikeli daban. Masu sarrafa shayi da yawa a Japan suna karɓar aikin zuba wa mutum da sunansa, su like da iskar naitirojin a ma'aikatarsu jim kaɗan bayan niƙa. Ba za ki iya kamo wannan ingancin a bayan shago ba, komai tsabtarki. Riba a kowane gwangwani za ta ɗan ragu, kuma suna da mafi ƙarancin adadin da suke karɓa, amma babu asarar gari, babu ƙura, babu fargabar danshi.

Malam Auwal: Gaskiya ne Alhaji, amma wannan mafi ƙarancin adadin shi ne ke karya ƙaramin ɗan kasuwa. Jarinta zai kwanta a ɗaruruwan gwangwanaye masu wa'adi, in suka yi kwantai ribar da ake nema ta tafi har da uwar kuɗi. Ni dai da ta fara da kilo ɗaya ko biyu da hannunta, ta ga yadda suke fita. Idan ta kai tana juya kaya kowane wata ba saura, sai ta koma hanyarka.

Alhaji Sabo: Na yarda da wannan. Sai dai ta fara neman dillali tun yanzu, kuma kada ta dogara da guda. A ƙarshen 2024 matcha ta yi ƙaranci, har tsofaffin gidajen shayi na Kyoto irin su Ippodo da Marukyu Koyamaen suka ƙayyade yawan da mutum zai saya, a 2025 kuma farashin tencha ya tashi sosai. Itacen shayi yana ɗaukar shekaru kafin ya fara ba da amfani, ba abin da za a ƙara cikin dare ɗaya ba ne. Mai sunansa a gwangwani in kayansa suka yanke, shi kwastoma zai tuhuma.

Anti Maryam: Ba wanda ya taɓo takardu, kuma su ne suka fi damuna. Ranar da kika buɗe leda kika sake zubawa, a idon doka a ƙasashe da yawa kin zama mai sarrafa abinci. Ki je hukumar kula da abinci ta inda kike ki ji abin da ake bukata kafin ki buga sitika ko ɗaya. Ki kuma nemi takardar gwajin kowane kaso daga dillali, wadda ke nuna ragowar maganin ƙwari da ƙarafa irin su dalma. Sauran shayi jiƙawa ake yi a zubar da ganyen, matcha kuwa ganyen gaba ɗaya mutum yake shanyewa, don haka gwajin ba ado ba ne.

Sai abin da za ki rubuta. Kada ki sa Uji sai kina da shaida a rubuce, sunan yana da rajista da ƙa'idojinsa. Idan ta Sin ce ki rubuta Sin, akwai masu sayenta, musamman masu haɗawa da madara. Tambarin JAS na Japan na noman da ba a sa sinadari ba shi ma ba ya bin garin zuwa gwangwaninki, mai sake zubawa sai ya samu nasa izinin. Kuma don Allah ban da cewa tana maganin kaza da kaza. Ki faɗi cewa tana da sinadarin kafeyin mai hana barci, masu juna biyu da masu fama da rashin barci suna bukatar sani.

Sadiya: Anti, ni a matsayina na mai saye, abin da ke sa in koma wurin mutum shi ne ranar zubawa a jikin gwangwani da ɗan bayanin yadda ake haɗawa. Da yawa suna zuba tafasasshen ruwa ba tare da sun tankaɗe ba, ta yi gudaji da ɗaci, su ce kayan ne ba kyau. A rubuta musu giram 2, a tankaɗe, kuma a shanye cikin wata ɗaya zuwa biyu bayan buɗewa.

Hajiya Rabi: Shi ya sa giram 30 ya fi dacewa da mai sha a gida, kofi 15 ke nan, zai ƙare kafin ta dushe. Ki yi iri biyu kawai: ta sha da ruwa a ƙaramin gwangwani, ta madara da kek a ledar giram 100. Ki ajiye maburgin gora da suke kira chasen da 'yar rariya a gefe, sabon mai saye yakan haɗa da su, kuma su ba sa lalacewa a kan kanta.

Maman Ilham: Allah ya saka muku da alheri. Kwalba dai na fasa. Zan fara da neman samfur da takardun gwaji, in leƙa hukuma, sannan in gwada kilo ɗaya. Hajiya, injin like ledar wane iri kike amfani da shi?

Hajiya Rabi: Ƙaramin na hannu ya isa, amma ki duba mai faɗin layin liƙi, kamar milimita 5, kuma wanda ake iya ƙara masa zafi, don ledar foyil ta fi ta roba kauri. Ki goge bakin ledar da busasshen ƙyalle kafin ki danna, in gari ya maƙale a wurin ba za ta kama ba. Bayan kin like ki matsa ta a hankali ki ji ko iska na fita.