Shin tagar sirri ta Chrome tana ɓoye mutum daga kowa?

Mai Shago a Tawa:
Assalamu alaikum, ƴan uwa. Ina da shagon buga takardu da fotokofi a kusa da babbar kasuwa, kuma kwamfuta guda ce muke amfani da ita ni da ɗaliban da ke zuwa duba imel ko cike takardun neman gurbin karatu. Wani yaro ya ce mini idan aka buɗe baƙar tagar nan ta Chrome, manhajar shiga intanet, da aka rubuta wa navigation privée, babu mai sanin abin da aka yi, har kamfanin waya. Ina roƙon masana su fayyace mini, domin ni ma ta nan nake shiga asusuna.

Malama a Yamai:
Wa alaikumus salam, Malam. Rabin gaskiya yaron ya faɗa. Aikin tagar a cikin kwamfutar ya tsaya: idan aka rufe dukkan tagogin sirrin, ba ta ajiye jerin shafukan da aka shiga, ko kukis (ƴan bayanan da shafuka ke ajiyewa don su riƙa gane mutum), ko abin da aka rubuta a fom, saboda haka wanda ya zauna bayan wani ba zai tarar da imel ɗinsa a buɗe ba. Ga shago irin naka wannan babban amfani ne. Amma duk abin da aka sauke yana nan daram. Na taɓa zama a wata siber na tarar da hoton katin ɗan ƙasa na wata baiwar Allah, gaba da baya, a cikin Téléchargements, wato ma'ajiyar abin da aka sauke, tana can tana zaton ta share sawunta.

Kamfanin da ke ba ka intanet kuwa, da mai wifi, suna iya ganin sunan shafin da aka shiga, ko da yake idan adireshin ya fara da https ba sa karanta abin da ke ciki. Shafin ma yana ganin lambar IP ɗinka, wato adireshinka a intanet, kuma da ka shiga Facebook da sunanka, batun ɓuya ya ƙare.

Ɗalibin Jami'ar Abdou Moumouni:
Malama ta yi bayani. Abin da zan ƙara shi ne, wannan ruɗani har kotu ya kai. A 2020 wasu suka kai Google ƙara a Kaliforniya ta Amurka, suna neman dala biliyan 5, bisa zargin yana tattara bayanansu alhali suna cikin Incognito, wato wannan tagar ta sirri. An sasanta, kuma a 2024 kamfanin ya amince ya goge biliyoyin bayanai, ya kuma gyara gargaɗin da ke fitowa a tagar. Baba, ka tsaya ka karanta shi, yawancinmu tsallake shi muke yi.

Haka nan, idan wani ya sa manhajar da ke naɗe abin da ake bugawa a kibod, tagar ba za ta kare kalmar sirrinka ba.

Mai Shago a Tawa:
Allah ya saka da alheri. Yanzu na leƙa Téléchargements, takardun mutane sun cika shi. Zan riƙa goge su kullum kafin in rufe shago, asusuna kuma na mayar da shi wayata.