Tafiya Svalbard a jirgin ruwa mai filafili: daga Legas ta ina ake farawa?

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum jama'a. Mu uku ne muke shirin zuwa yankin Aktik a irin ƙananan jiragen ruwan nan masu filafili da ke zagaya tsibiran Svalbard, mu ga farin beyar da kogunan ƙanƙara da wuraren tarihi. Wane wata ya fi? Yaya maganar biza ga mai fasfo ɗin Najeriya? Wane kaya za mu saya? Sannan yaya mutum zai yi salla inda aka ce rana ba ta faɗuwa? Masana a taimaka.

Malam Na-Apapa:
Wa alaikumus salam. Fara da biza, don nan ne aka fi yin tuntuɓe. Svalbard ƙasar Norwe ce, amma ba ta cikin yankin Shengen (ƙasashen Turai masu biza ɗaya), kuma saboda yarjejeniyar 1920 ba a neman biza don shiga ita kanta. Sai dai jiragen sama na fasinja daga Oslo ko Tromsø suke tashi zuwa Longyearbyen, babban garin tsibiran, don haka dole ka bi ta Shengen. Ka shiga sau ɗaya a tafiya, a yi rajistar fitarka kafin ka hau jirgin Svalbard, a dawowa kuma ka sake shiga. Ke nan biza mai shiga biyu ko fiye kake bukata. Wanda ya cike fom ya zaɓi shiga ɗaya zai isa lafiya, a komowa ne za a tare shi. Ku rubuta wannan ɓaro-ɓaro a wasiƙar da za ku haɗa da takardunku, kuma in fasfo ya dawo ku duba abin da aka buga kafin ku bar wurin. Ana iya nema tun saura wata 6.

Daga filin Murtala Muhammed babu jirgin da ke zuwa Oslo kai tsaye, sai an canza a Amsterdam ko Frankfurt ko Istanbul. Oslo zuwa Longyearbyen kusan awa 3 ne. Ku isa kwana ɗaya ko biyu kafin ranar tashi. Jirgin ruwa ba ya jiran kowa, kuma jakar da ta maƙale a hanya tana bukatar lokacin da za ta riske ku.

Inshorar da ake saya don biza, mai Yuro 30,000, sau da yawa iyakarta ƙasashen Shengen. Ku karanta ku ga ko ta ambaci Svalbard da ɗauko marar lafiya da jirgi mai saukar ungulu. Asibitin Longyearbyen ƙarami ne, babban ciwo Tromsø ake kai shi.

Wata kuwa, ya danganta da abin da kuke so. Daga wajen 20 ga Afrilu zuwa wajen 22 ga Agusta rana ba ta faɗuwa a Longyearbyen. Mayu da farkon Yuni duwatsu fari fat, kyau ba a magana, amma ƙanƙarar teku kan rufe arewa da gabas, sai a tsaya a gaɓar yamma wadda ruwan ɗumi daga Atlantika ke buɗewa. Yuli tsuntsaye sun cika duwatsu. Agusta ƙanƙara ta ja baya, ana iya nausawa arewa sosai. Ga baƙon farko ni Yuli zan ce. Kada wani ya sayar muku da tafiyar da sunan koren hasken nan na sararin sama: shi sai da duhu, a watannin nan kuwa babu dare.

Injiniya Obalende:
Malam ya gama da takardu. Ɗan'uwa, ka san irin jirgin tukuna. Ba katon jirgin shaƙatawa ba ne mai gidajen cin abinci hawa-hawa. Waɗannan mutum 10 zuwa 30 da 'yan kai suke ɗauka, ɗaki ɗan tsukuku, gado sama da ƙasa, ruwan wanka a ƙididdige. Gudunsu bai fi na mai keke a natse ba, kilomita 10 zuwa 13 a awa. Kuma duk da sunan filafili, cikin mashigan ruwa iska takan ɗauke ko ta zo ta gaba, sai a ta da inji. A wasu jiragen fasinja na jan igiya da riƙe sitiyari da karɓar gadi, ka tambaya kafin ka biya. Jadawalin da za su turo maka fata ne kawai. Ƙanƙara da iska ke yanke hukunci, kyaftin ya bi.

Sanyin Yuli a ma'auni digiri 3 zuwa 7 ne, ka ce ai ba wani abu ba ne. Tsaya a saman jirgi awa biyu iska na tasowa daga kan ƙanƙara, za ka gane hunturun Jos wasa ne. Sutura hawa uku ake yi: ta jikin fata ta ulu, ta tsakiya mai laushi mai riƙe ɗumi, ta waje riga da wando da ruwa da iska ba sa ratsawa. Auduga kada ta taɓa fatarka, har singileti da jins. Tana shan gumi ta ƙi bushewa, da ka tsaya da tafiya sai ta zame maka tsumma mai sanyi. Safar ƙafa ta ulu guda 4 ko 5, safar hannu biyu (siririya a ciki, mai hana ruwa a waje), hula mai rufe kunne. Ana samun rigunan tsakiya masu kyau a gwanjon Yaba ko Kotangowa. Ta waje ce ba a yi wa arha: ka watsa mata ruwa a gida, in ya jiƙe ta maimakon ya gangare, ajiye ta.

Sauka gaɓa da kwalekwalen roba mai inji ake yi, babu gada, cikin ruwa za ka taka. Don haka sai takalmin roba mai kaiwa kusan gwiwa, ya ɗara ƙafarka da lamba ɗaya saboda safa biyu. Takalmi in ya matse jini ba ya gudana, yatsu su daskare. Jaka mai naɗewa za ka ɗauka, akwati ba shi da wurin zama. Ƙara da baƙin tabarau, man kaɗanya don leɓe, abin rufe ido na barci, da batirin kyamara biyu a aljihun ciki domin sanyi na zuƙe su. Maganin jiri a sha kafin a fita buɗaɗɗen teku, in amai ya fara ya makara. Wanda kwalekwalen Tarkwa Bay ke juya wa ciki ya ga likita tun a nan.

Hajiya Maman Biyu:
Ƙanena, rage buri a kan beyar. Babu kamfanin gaskiya da zai yi maka alkawarinsa. An hana farautarsa tun 1973, kuma daga Janairun 2025 doka ta ce a ba shi tazarar mita 300, daga 1 ga Maris zuwa 30 ga Yuni kuma mita 500. A wannan nisan ɗigo ne mai launin madara a kan fari, don haka madubin hangen nesa ya fi maka wayarka amfani. In an hango shi a gaɓa ba a sauka. In an sauka, jagora na riƙe da bindiga da harsashin tsoratarwa, ba mai wuce shi, ba mai tsayawa a baya ɗaukar hoto.

Abin da kusan tabbas za ku gani: barewar Svalbard mai gajerun ƙafafu, yanyawar ƙanƙara (kada a taɓa, akwai ciwon haukan kare a cikinsu), da walros, wata dabba kamar dorinar ruwa mai haure biyu, kwance tuli guda a bakin ruwa, warinsu na riga su isowa. Akwai kuma ɗan farin tsuntsun teku mai baƙar hula da ke ƙaura daga can har ƙarshen kudancin duniya, wasunsu ta gaɓar Afirka ta Yamma suke bi. In ka kusanci sheƙarsa a ka zai sare ka.

Ƙanƙara ta rufe kusan kashi 60 cikin ɗari na ƙasar. Kogin ƙanƙara dusa ce ta shekaru aru-aru da ta danne kanta har ta zama dutse mai rarrafawa zuwa teku. Inda ta fi matsuwa shuɗi take yi. A kashe inji a gabanta, za ka ji gutsattsarin da ke yawo a ruwa suna ƙara tas-tas kamar ana suyar ƙosai, iskar da ta daɗe a kulle ce ke fita. Ba a matsawa ƙasa da mita 200, domin in bango ya ɓalle yana watso tsakuwar ƙanƙara ya ta da igiyar ruwa, kuma igiyar a bakin gaɓa ta fi tsayi.

Tarihin wurin a ƙasa yake zube. Willem Barentsz ɗan Holand ya ga tsibiran a 1596. A Smeerenburg akwai ragowar murhun da aka dafa kitsen manyan kifayen wel a ƙarni na 17. Daga Virgohamna Andrée ɗan Swidin, mai neman kaiwa ƙarshen arewacin duniya, ya tashi da balan-balan a 1897, sai a 1930 aka tsinci gawarsa a Kvitøya. A Ny-Ålesund turken ƙarfen da aka ɗaure jirgin iska mai suna Norge na masu binciken Aktik Amundsen da Nobile a 1926 yana nan tsaye. Duk abin da ya girmi 1946 doka ta kare shi, ko tsatsattsen ƙusa ne, a bar shi inda yake. Rumbun irin shuka na duniya da aka buɗe a 2008 yana gefen Longyearbyen, akwai waken da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta aika a ciki, amma ƙofarsa kawai za ku gani daga waje.

Alaramma Idi-Araba:
Game da salla: biyar ɗin nan ne a kowace awa 24, ba sa raguwa. Malamai sun kafa hujja da hadisin kwanakin Dujal, inda aka yi umarni a ƙaddara lokaci. Wasu sun ce a bi gari mafi kusa da dare da rana ke bambanta, wasu sun ce a bi lokutan Makka. Ku zauna da malaminku ku zaɓi ɗaya, ku buga jadawalin a takarda da agogon Norwe, domin manhajar waya kan rikice a can, intanet ma ba kullum ba. Matafiya ne ku, akwai kasaru. Alƙibla daga Longyearbyen kudu ce ta ɗan karkata gabas, wajen digiri 153 a kamfas. Ƙarfen jirgi na ruɗa kamfas na waya, ku tambayi mai tuƙi. Abinci ku sanar tun lokacin biya, a rubuce, cewa kifi da ganye za ku ci, domin mai dafuwa sayayya ɗaya yake yi kafin a tashi.

Ɗan Agege:
Allah ya saka da alheri. Injiniya, takalmin roban mu saya a nan ko su suke bayarwa?

Injiniya Obalende:
Wasu jiragen na bayarwa, wasu a'a, ka tambaye su a rubuce tare da lambar ƙafarka. In saye ne, kada ka ɗauki na masu wankin mota, tafinsa sulɓi ne kuma ba ya riƙe ɗumi. Nemi mai kauri mai zanen tafi, ka gwada shi sanye da safa biyun.