Masu sunan Eschenbach da Dietrich a Amurka: jikokin mawaƙan Jamus ne?

Ɗan Maraɗi: Jama'a, ga wata magana. Ni dai na ce Turawan Amurka da Ingila masu sunaye irin su Eschenbach, Dietrich, Hildebrand da Gunther, daga tsoffin waƙoƙin Jamus suka gaje su. Ko dai jikokin mawaƙan ne, ko kakanninsu sun ɗauki sunayen jaruman waƙa. Ga Wolfram von Eschenbach da ya tsara Parzival a farkon shekarun 1200, layi kusan 25,000. Ga kuma Christoph Eschenbach da ya jagoranci makaɗan Houston da Filadalfiya. Wanda ya musa ya kawo hujja.

Malamin Tarihi: Ƙanena, da misalin da ka kawo zan kayar da kai. Christoph ɗin nan, Ringmann ne sunan gidansu. An haife shi a Breslau a 1940, ya tashi maraya, wata 'yar'uwar mahaifiyarsa ta riƙe shi bayan yaƙi, shi ne ya ɗauki sunan gidan da ya girma. Shi kansa Wolfram, Eschenbach sunan gari ne aka jingina masa, kamar yadda ake cewa Shehu Shagari. Ai ba duk ɗan Shagari ne jinin shugaban ƙasa ba. Kuma garuruwa masu wannan suna ba ɗaya ba ne, akwai a Bavariya, akwai a Siwizalan. Sai a 1917 ɗaya daga cikinsu ya koma Wolframs-Eschenbach don ya mallake mawaƙin.

Ɗan Maraɗi: To Malam, na bar maka Eschenbach. Dietrich da Hildebrand fa? Su ma garuruwa ne?

Ɗalibar Jamusanci: A'a Yaya, amma sun girmi waƙoƙin. Dietrich von Bern na cikin almara, asalinsa sarki Theodoric ne da ya mulki Italiya ya rasu a 526, Bern ɗin kuwa Verona ake nufi. Sunan yanka ne da jama'a ke sa wa 'ya'yansu tun kafin a fara gadon sunan iyali. Da gadon ya kankama daga ƙarni na 12 zuwa sama, sai sunan uba ya maƙale wa zuriya. Marlene Dietrich da ta tafi Hollywood a 1930, abin da sunanta ya nuna kawai shi ne can baya akwai kaka mai suna Dietrich.

Baba Alhaji: 'Yata, kada ku taru ku danne yaron nan. Me ya sa iyaye suka yi ta zaɓen Dietrich da Hildebrand da Siegfried, suka bar wasu sunayen suka mutu? Labarin da ake rerawa a fada da kasuwa yana da hannu a ciki. Waƙar Hildebrand, ta uban da ya yi arba da ɗansa a fagen fama ɗan bai gane shi ba, an rubuta ta a Fulda tun ƙarni na 9. Wanda ya tashi yana jin ta, ba mamaki ya raɗa wa ɗansa sunan.

Malamin Tarihi: Ranka ya daɗe, wannan na yarda waƙa tana iya raya suna. Abin da na ƙi shi ne a ɗauki mutum ɗaya a Ohio a ce nasa daga waƙa ya zo. Da wace takarda? Walther von der Vogelweide, tsohon mawaƙin Jamusanci, duk shahararsa, shaida ɗaya tak ta rage game da shi ban da waƙoƙi: lissafin kashe kuɗin bishop na Passau, inda aka rubuta an ba shi kuɗin rigar sanyi a Nuwamba 1203. Ko mahaifarsa har yau ana ja-in-ja a kai. Balle zuriyarsa.

Ɗan Maraɗi: Siegfried Sassoon, mawaƙin Ingila. Wannan ma za ku musa?

Ɗalibar Jamusanci: Shi kam ka samu, sai dai sunan yanka ne, kuma ta hannun Wagner, Bajamushen mai tsara kiɗa da ya sa jarumi Siegfried a wasanninsa, ya biyo. An haife shi a 1886, mahaifiyarsa mai son kiɗan Wagner ce, ba jinin Jamus a jikinsa. Nibelungenlied ɗin ma, tsohuwar waƙar da ke ɗauke da labarin Siegfried, an daɗe da mantawa da ita sai da aka tono rubutunta a Hohenems a 1755. Wani abin da ke ƙara dagula lissafin, Turanci ya sake wa sunayen kama: Günther ya zubar da ɗigonsa biyu ya zama Gunther ko Guenther, Dietrich ya zama Detrick ko Dedrick, don harshen mai Turanci ba ya iya furta ƙarshensa. A 1917 kuma, saboda yaƙin Ingila da Jamus, 'yan gidan Battenberg, dangin sarkin Ingila masu asalin Jamus, da kansu suka koma Mountbatten.

Ɗan Maraɗi: Zancen jikoki na janye. Amma ina nan tare da Baba a kan raya suna.

Malamin Tarihi: To ka nemo mana rajistar coci ko takardar haraji da ta nuna sunan ya yawaita bayan waƙar, sai mu ci gaba.

Baba Alhaji: Malam, kai ma ka nemo wadda ta nuna bai yawaita ba.