Sau uku na rubuta JAMB don likitanci, in sake ko in haƙura?

Assalamu alaikum. Daga Ƙofar Ƙaura a Katsina nake, shawara nake nema wurin waɗanda suka taɓa bin wannan hanya.

Sau uku ke nan ina rubuta JAMB da burin karatun likitanci. Karon farko na ci 214 cikin 400, na biyu 231, bana kuma na sauko 226. Turanci da Bayoloji ba su ba ni wahala, Kimistiri ma da dama-dama. Fiziks ce ta tsaya mini a wuya, ban taɓa wuce 45 a cikinta ba. Na yi wata biyar ina zuwa darasin yamma, na sauya malami, na bi tsofaffin tambayoyi na shekara goma har na kusa haddace su. A gida ina warware su lafiya lau. Amma da na zauna gaban kwamfuta, lokaci ya fara tafiya, sai lissafin ya kwance mini, ƙarshe in koma canki-canki.

Yanzu an ba ni gurbin karatun Bayoloji. Baba ya ce in karɓa kawai, Umma kuma ta ce in ƙara shekara guda. Sakamakon JAMB ba ya wuce shekararsa, idan na bar gurbin nan sai na sake sayen fom na faro daga tushe. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na ninka karatu amma makin ya ƙi hawa.

Don Allah, wanda makinsa ya tsaya haka shekara biyu a jere, akwai dalilin da zai sa ya bar gurbin da ke hannunsa ya gwada karo na huɗu?